Yadda Ake Bambance Tsirran Pinguicula Masu Cin Ƙwari

Ɗalibaina a nan Sakkwato kan kawo mini hotunan Pinguicula, tsiron da ganyensa mai danƙo ke kama ƙananan ƙwari ya narkar da su. Ba ya fitowa a ƙasarmu, hoto muke bi. Iri uku na wannan tsiron za mu bambance a nan: alpina, vulgaris da grandiflora.

Kada ka dogara da ganye, sun yi kama sosai. Furen za ka duba. In fari ne da ɗigon rawaya a tsakiya, alpina ce. In shunayya ne, nan aka fi ruɗewa, sai ka natsu. Furen vulgaris ƙarami ne, leɓɓansa na ƙasa, wato ɓangarorin furen da ke ƙasa, a rarrabe suke. Na grandiflora, wadda ake samu a Faransa da Sifen, ya fi girma, leɓɓan na hawa kan juna. Ni wannan alamar na fi amincewa da ita, don girma kan yaudari ido a hoto.