Kurakuran da sabon mai gidan haya ya fi yi, da yadda ake gyara su

Lissafin da na yi wa gidan haya na farko da na saya bai wuce layi biyu ba: ga kuɗin gida, ga abin da ɗan haya zai biya a shekara. Na ga cikin shekara 10 jarina zai dawo, na sa hannu. A wata na huɗu ruwa ya fara ɗiga daga silin ɗin ɗakin kwana. Kafinta ya hau ya leƙa, ya sauko yana karkaɗe hannu, ya ce katakon da ke riƙe da rufin ya ruɓe tun kafin in san da gidan. Hayar rabin shekara a nan ta tafi.

Wannan ne uban kurakurai, ɗaukar kuɗin haya a matsayin riba. Kuɗin haya ciniki ne kawai, riba kuwa sai abin da ya rage bayan gidan ya ci nasa, kuma gida yana da ci. A ce ka sayi gida a kan 1,000, ko da wane irin kuɗi ne, hayarsa 100 a shekara. A ido kashi 10 cikin ɗari ke nan. To amma la'adar dillali da kuɗin lauya da na sauya sunan takardu sun ci, a ce, 60, jarinka ya koma 1,060. Ɗan haya ya tashi, gida ya yi wata biyu ba kowa, 17 ta fita. Gyare-gyare 10, wakilin da ke karɓar maka haya 8, haraji da inshora 10. Abin da ya shiga aljihunka 55 ne, wato kashi 5 da ɗan ɗoriya, rabin abin da ka yi zato. Masu wannan harka a Amurka suna da wani awo na kan tsaye da suke cewa rabin haya kan tafi ne a hidimar gida, ban da biyan bashi. Ba doka ba ce, gida sabo bai kai haka ba, tsoho kan wuce, amma wanda ya fara lissafi da ita da wuya ya sha mamaki. Gyaran kuskuren shi ne ka zauna da biro da takarda kafin ka taya gida, ka rubuta duk abin da zai fita, ka ɗauka a kowace shekara akwai watan da ba za a biya ka ba. In lissafin bai yi kyau a takarda ba, ba zai gyaru bayan ka karɓi makulli ba.

Daga nan sai bashi. A ci gaba da misalin nan: in ka ranto 700 daga cikin kuɗin gidan da ruwan kashi 8, ruwan kaɗai 56 ne a shekara. Gidan da ya bar maka 55 ya zama kana yi wa banki aiki, har kana ciko daga albashinka, uwar kuɗin ma ba a taɓa ta ba. Sabon shiga kan ce ba komai, ai farashin gida tashi yake yi. Haka mutane da yawa suka ce a Amurka kafin 2008, suka karɓi rancen da ba za su iya biya ba sai in gidan ya ƙara tsada. Farashi ya faɗi, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na shekarar, aka ƙwace gidajen miliyoyin mutane. Ko a baya-bayan nan, babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 a 2023, kuma duk wanda rancensa na mai hawa da sauka ne ya ji a jikinsa. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, ko na banki ko na ɗan'uwa, ka tambayi kanka: in gidan ya yi wata shida ba ɗan haya, da me zan biya? In ba ka da amsa, rage bashin ko ka nemi ƙaramin gida.

Akwai kuma masu sayen gida da zuciya. Sun ga fenti mai kyau da babban falo, sai su fara hasashen kansu a ciki, alhali ba su ne za su zauna ba. Ɗan haya abin da yake dubawa daban: nisan wurin aiki da makarantar yara, ruwa, wuta, tsaro, samun abin hawa. Ƙaramin gida a unguwar da ake rububi ya fi katafaren gida a inda sai an yi wata uku ana neman mai shiga. Ka tambayi waɗanda ke haya a layin nawa suke biya, kada ka tsaya ga abin da mai sayarwa ya ce za a iya samu.

Sabon fenti ma ni yanzu tsoro yake ba ni. Ka je da magini ko injiniya wanda kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba, ya duba tsagewar bango, danshi a gindin gini, rufi, wayoyin wuta da bututun ruwa. Ka koma bayan an yi ruwan sama ka ga inda ruwa ke kwanciya, ka koma da dare ka ji yadda unguwar take. Takardu kuma ka ba lauyanka ya bincika a ofishin rajistar filaye: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan ko ba a jinginar ba, akwai magada ko shari'a a kansa? Wanda ya ƙi biyan lauya a ranar saye yakan biya lauyoyi shekara da shekaru.

Inda na fi ganin mutane na faɗuwa bayan saye shi ne zaɓen ɗan haya. Gida ya yi sati uku a rufe, hankali ya tashi, sai ga wani ya zo da kuɗi a hannu yana gaggawar a ba shi makulli yau. Gaggawar nan ita ce ya kamata ta sa ka dakata. Me ya taso shi daga inda yake? Ka nemi shaidar abin da yake samu, ka yi magana da mai gidan da ya bari, in da hali ma da wanda ya gabace shi, domin na yanzu zai iya yabonsa don ya rabu da ƙaya. Gidan da ba kowa asararsa sananniya ce, hayar wata ɗaya ko biyu. Wanda ya shiga ya ƙi biya kuwa ba ka san ranar fitarsa ba, kuma ba ka san yadda zai bar maka gidan ba. Amma tantancewa ta tsaya kan iya biya da riƙon amana. A Amurka tun 1968 doka ta hana ƙin ba mutum haya saboda launin fatarsa ko addininsa ko asalinsa.

Ko ɗan'uwanka ne, ko abokin da kuka tashi tare, a rubuta. Hasali ma shi ya fi bukatar a rubuta, don shi ne za ka ji nauyin tambaya in wata ya ƙare. Yarjejeniya ta faɗi nawa ne, yaushe ake biya, wa ke gyaran me, mutum nawa za su zauna, da wa'adin sanarwa kafin tashi. Ranar shiga ku zaga gidan tare, ka ɗauki hoton kowane ɗaki, har da lambar da ke kan mita, ku sa hannu. Tun ran gini tun ran zane.

Dokar haya ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci ma daga jiha zuwa jiha, kuma sabon mai gida kan ɗauka tunda gidansa ne sai yadda ya ga dama. A Ingila tun 2007 kuɗin ajiyar da ɗan haya ya bayar saboda ko zai yi ɓarna ko ya ƙi biya ba a aljihun mai gida yake zama haka kawai ba, dole a yi masa rajista a tsarin da gwamnati ta amince da shi, kuma tun 2019 a yawancin gidaje bai wuce hayar sati biyar ba. A Jamus iyakarsa hayar wata uku. Sauya kwaɗo ko fitar da kayan mutum waje don ya ƙi biya laifi ne a Ingila, mai gaskiya sai ya koma mai laifi. Ka san dokar inda gidanka yake kafin rigima ta taso.

Sai gyara. Famfo na ɗiga, ɗan haya ya kira, ka ce sai ƙarshen wata. Kafin ƙarshen watan ruwan ya shiga bango, kuma ɗan hayan kirki ya fara neman wani gida. Maganin wannan shi ne asusu na daban wanda hayar gidan kaɗai ke shiga, ba a taɓa shi don hidimar iyali. Ni nakan bar hidimar gidan ta wata shida a ciki, kuma ba na fara duba gida na biyu sai na farko ya cika shekara guda cur, na ga abin da ya ci a kowane wata a rubuce.