Yadda ake wanke injin mota ba tare da an jawo masa lahani ba

Ƙurar hunturu idan ta haɗu da man da ke tsatsa daga jikin inji, sai ta daskare ta zama baƙin danƙo, wanda ke ɓoye inda mai ko ruwa ke yoyo, yana kuma cin tiyo da sauran kayan roba sannu a hankali. Wanke wurin yana da amfani, amma galibin ɓarnar da ake gani bayan wanki daga ruwan kanta take fitowa, musamman idan an watsa ta da ƙarfi a kan inji mai zafi.

A fara da barin injin ya huce har sai an iya ɗora tafin hannu a kansa ba tare da an ji zafi ba. Inji yana aiki ne a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma ruwan sanyi a kan ƙarfe mai irin wannan zafi na iya tsaga shi, musamman bakin salansa inda ta haɗu da inji. Saboda haka safiya, kafin a tayar da motar, ta fi dacewa da wannan aiki.

Daga nan sai a kwance kan batir mai alamar ragi, wanda sifana mai lamba 10 ke kwancewa a yawancin motocin Toyota da Honda, a kawar da wayar gefe don kada ta koma ta taɓa. Wasu motocin Honda rediyonsu kan nemi lambar sirri bayan an cire batir, don haka a tabbata lambar tana hannu tukuna.

Rufe kayan lantarki shi ne matakin da ya kamata a ba lokaci. A sami ledoji masu kauri da roba ko salatif, a naɗe altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, da akwatin fiyus, da ƙwaƙwalwar motar idan a ƙarƙashin bonet take, da bakin bututun da inji ke shaƙar iska. Wannan na ƙarshe ya fi sauran haɗari, domin ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma idan ya shiga cikin silinda da yawa aka tayar da mota, yana iya lanƙwasa sandar fistin, abin da ke kai ga sauke inji gaba ɗaya. A motoci irin su Corolla da Camry na zamani, kowane fulogi yana da koyil mai ba shi wuta a kansa cikin rami mai zurfi, kuma ruwan da ya kwanta a ramin shi ke sa mota rawa da tari bayan wanki. Tsofaffi irin su Peugeot 504 kuwa, distiributa, wadda ke rarraba wa fulogai wuta, ita ce ke buƙatar rufi. Mai motar da ke haɗa fetur da lantarki, kamar Prius, kada ya kusanci wayoyi masu ruwan lemo, domin wutar da ke cikinsu tana iya kisa.

Al'adar wanke inji da fetur ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma a ganina ita ce mafi munin abin da ake yi wa mota da sunan tsafta. Tururinsa yana kama wuta da ɗan tartsatsi, yana kuma busar da roba har ta tsattsage. Maganin cire maiƙo da ake sayarwa a shagunan kayan mota ya wadatar, idan kuma babu, sabulun ruwa na wanke kwanuka a ruwan ɗumi zai yi.

A fara share ƙura da ganyaye a bushe, a duba lunguna ko ɓera ya yi sheƙa. Sai a fesa maganin, a bar shi kamar minti 5 ba tare da ya bushe ba, a goge da burushi mai laushi, tsohon burushin haƙori kuma ya shiga inda hannu ba ya kaiwa. A kula kada sabulu ko mai ya zauna a kan fambel, domin zai riƙa zamewa yana ƙara. Ɗauraya da buta ko tiyo mai sanyin gudu ta isa. Injin feshi na masu wankin mota yana tura ruwa cikin soket, yana kuma lanƙwasa siraran haƙoran lagireto. Ruwan wankin yana ɗauke da baƙin mai, don haka a nisanta shi da rijiya da shuka.

Bayan an tsane ko'ina da tsumma, a hura soket da ramukan fulogi da iska, ko da ta injin mai faci ce, sannan a ƙirga ledojin da aka cire don kada ɗaya ta saura ta narke a jikin inji. A mayar da kan batir, a tayar da motar ta yi aiki a tsaye kamar minti 15. Idan tana rawa ko fitilar gargaɗin inji ta kama, a kashe ta a sake busar da koyil kafin a hau titi. Washegari a leƙa da tocila, domin a kan ƙarfe mai tsabta sabon ɗigon mai zai nuna wa bakanike ainihin inda yoyon yake.