Kurakuran da gamayyar ƙungiyoyi ke yi wajen nema wa yara doka a jihohi

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta samu sa hannu tun 2003, amma da yake sha'anin yara yana hannun jihohi, sai kowace majalisar jiha ta yi tata kafin ta yi aiki a can. Kaduna ta yi a 2018, Kano kuwa sai a 2023. Wannan jinkiri ba laifin 'yan majalisa kaɗai ba ne, domin masu fafutukar ma suna da nasu kason.

Babban kuskure shi ne a gama rubuta daftari a ɗakin taron otal, sannan a kai wa malamai da sarakuna don su sa albarka. Sassan da suka jawo ce-ce-ku-ce sanannu ne: ƙayyade shekara 18 ga aure, da batun ɗaukar ɗan wani a mayar da shi ɗa. Malamin da ya fara jin labarin dokar a rediyo, a mumbari zai ba da amsa, kuma ɗan majalisar da ya ji huɗubar ba zai sa kujerarsa cikin haɗari ba. Gyaran shi ne a zauna da malaman Izala da na ɗariƙu da shugabannin coci da hakimai tun kafin a rubuta layin farko, a tattauna reno da kafala da ciyarwa da kalmomin fiƙihu da jama'a suka sani. Ko sunan ma yana da nauyi, shi ya sa jihohi da dama suka kira tasu dokar kare yara.

Akwai kuma masu zuwa wurin kwamishina da buƙatu barkatai. A ɗauki guda ɗaya da za a iya ƙirgawa, kamar hutun haihuwa na wata shida da Kaduna ta ba ma'aikatanta mata a 2019.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne a watse da zarar gwamna ya sa hannu an ɗauki hoto. Dokar da ba a kafa mata kotun iyali ba, ba a kuma ware wa ma'aikatar mata kuɗin aiwatar da ita ba, takarda ce kawai. Ko an sa kuɗin a kasafi, sakinsu wani yaƙi ne daban. Misali, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, kuma kuɗaɗen jihohi da yawa sun daɗe kwance a Abuja saboda haka. Ya kamata gamayya ta ware mutum biyu da suka iya karanta kasafi, su halarci zaman kare kasafi a majalisa, su riƙa neman rahoton abin da aka saki duk bayan wata uku.