Yadda Za Ka Auna Sabar Girgije Kafin Ka Ɗora Mata Shafinka

Kamfanonin da ke ba da hayar sabar girgije, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinka a cibiyarsu kana sarrafa ta ta intanet, irin su Amazon Web Services da Microsoft Azure da Google Cloud da DigitalOcean, duk suna rubuta alƙawarin yawan lokacin da na'urarsu za ta kasance a kunne. Kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin an yarda shafi ya ɗauke na kusan minti 43 a wata, kashi 99.99 kuwa bai kai minti 5 ba. Idan suka gaza cika alƙawarin, rangwamen kuɗin haya suke yi maka, ba sa biyan cinikin da ka rasa. Saboda haka awon da ka yi da hannunka ya fi takardar yarjejeniya amfani.

Ka fara da karɓar ƙaramar sabar iri ɗaya daga kamfani biyu ko uku, mai ƙwaƙwalwa da ma'ajiya daidai da juna, ka ɗora musu shafi guda. Sannan ka sa manhaja kamar UptimeRobot ta riƙa leƙa su kowane minti 5, ta aiko maka da saƙo duk lokacin da ɗaya ta daina amsawa.

Abin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar ya dawo, kuma dole a auna shi daga inda masu ziyartar shafin suke. Azure ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024, sai dai kasancewar cibiya a nahiyarmu ba shi ke tabbatar da sauri ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, kamar MainOne da Glo-1, Turai suka nufa, don haka sau da yawa saƙon mai waya a Kano kan fi saurin isa sabar da ke Landan a kan wadda ke Johannesburg. Ka gwada da ping da mtr, manhajojin auna jinkiri, ta layin MTN da na Airtel, safe da dare, domin cunkoson bayan magariba kan sauya sakamako ƙwarai.

Kada ka dogara da matsakaicin lokacin amsa, domin yana ɓoye wahalar waɗanda suka fi jira. Ka duba buƙatu biyar mafiya jinkiri cikin kowane ɗari. Manhajojin sa ido irin su Prometheus da Grafana suna nuna wannan a zane. A ganina nan ne ake gane kamfanin kirki.

Saurin faifan ma'ajiya ana auna shi da manhajar fio, ƙarfin lissafi kuma da manhajar sysbench, amma ka bar gwajin ya ɗauki awanni, saboda wasu sabar masu araha, kamar jerin T na Amazon, sukan yi gudu da farko sannan a rage musu ƙarfi idan rabonsu ya ƙare.

Ka ci gaba da awon aƙalla wata guda, kuma wajen kwatanta farashi ka haɗa da kuɗin bayanan da ke fita daga sabar, domin manyan kamfanonin suna cajinsa daban, bisa kowane gigabait, kuma galibi da dala.