Kurakuran da magidanci ke yi wajen sayen ƙaramar mota ta hannu

Ranar sunan 'yata, haihuwarmu ta uku, na yarda cewa babur ya daina ɗaukarmu. Babban yaron a kan tanki, ƙaninsa a matse tsakanina da uwarsa, ga jaririya a goye. Na tattara abin da nake da shi, na haɗa da kuɗin adashe, na sayi mota. Wata huɗu bayan nan tana kwana a garejin bakanike fiye da yadda take kwana a ƙofar gidana. Yawancin abin da zan faɗa a nan da aljihuna na koye shi.

Na je ganin motar da la'asar sakaliya. An wanke ta, an shafe tayoyin da mai suna sheƙi, injin kuma yana kunne tun kafin na iso. Dillalin ya daki bonet da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai ofis. Ko ƙwarzane babu." Wannan Hajiyar, na lura daga baya, ita ce ta hau kusan kowace mota da ke kasuwa. Kuskurena na farko shi ne yarda in ga mota injinta da ɗumi. Injin da ya gaji da sanyin safiya yake tona asirin kansa, idan ya yi zafi sai ya lafa. Ka sa lokaci da sassafe, ka ɗora hannunka a kan bonet ka ji ko an riga an tayar da ita. A kunna a gabanka, kai kuma ka tsaya ta bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa ko bayan ta yi zafi yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, galibi gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa: idan ka ga wani abu kamar shayi da madara, ka yi sallama. Idan kuma man ya yi kauri kamar zuma, wataƙila an zuba shi ne don ya rufe ƙara da hayaƙi na 'yan kwanaki.

Akwai wata ƙaramar fitila mai siffar inji a gaban direba. Da ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole ta kama, idan injin ya tashi ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. A sa wa motar kwamfuta a karanta. Kuma kada gwajin ya tsaya a zagaya layi ɗaya. A hau kwalta a taka ta har giya ta shiga ta ƙarshe, a kunna esi a ga ko allurar zafi za ta hau, sannan a bi hanya mai gargada a kashe rediyo a saurari ƙafa.

Bakaniken da za ka tafi da shi naka ne, kai za ka biya shi kuɗin wuninsa, ka kuma gaya masa tun a gida cewa kuɗinsa ba ya rataye da an yi ciniki ko ba a yi ba. Wanda dillali ya kira maka "don ya duba tsakani da Allah" yana da kasonsa a la'ada.

Kuskure na biyu ya fi wuyar magani, don a zuciya yake: sayen mota saboda idon mutane. Magidanci na da kuɗin ƙaramar mota mai lafiya, sai ya ga wata ƙatuwa mai kujerun fata da silinda shida a kan farashi ɗaya, ya ce ai wannan ta fi cika ido ranar ɗaurin aure. Dalilin arahar shi ne mai ita ya kasa ciyar da ita. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, irin waɗannan motoci suka zama kayan ado a gidaje da yawa. Mai kai yara makaranta kullum, silinda huɗu ce tasa.

Ni a ganina, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: idan wani abu ya lalace yau, za a samu kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna kafin azahar? Kuma bakaniken ƙauyenku, inda za ku je da Sallah, ya taɓa kwance irinta? Wannan ne ya sa Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1.8, ta ƙi sauka a kasuwa duk da tsufanta. Ba ta da wani kyau na a zo a gani, amma ba ta da fitina, kuma ranar da ka gaji da ita ba za ka rasa mai saye ba. Toyota Matrix da Pontiac Vibe injinsu ɗaya da ita, bayansu kuma ya fi ɗaukar kaya tunda kujerun baya na kwantawa. Aibin farin jinin shi ne ɓarayi ma suna son Corolla, don haka ka sa kuɗin tiraka, na'urar da ke nuna inda mota take, a lissafi. Sunan mota kaɗai kuma ba ya wadatarwa. Camry ɗin da ake kira Muscle, ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu, an san da yawa daga cikinsu da shan baƙin mai. Giyar otomatik ta Peugeot 307 sai mai haƙuri da bakanike na musamman. Golf 3 kuwa, wadda za ka samu yanzu da wuya a ce ba ta sha lodi a haya ba.

Wasu kuma tsoron mai ne ke kai su ɗaya gefen, su sayi 'yar mitsitsiya mai ƙofa biyu. Yaran da kake ɗorawa a cinya yau, nan da shekara uku kowa kujerarsa yake so. Ka tafi da iyalinka su shiga su zauna. A duba bel ɗin baya guda uku suna aiki, a gwada ɗan makullin jikin ƙofa da ke hana yaro buɗewa daga ciki, a ga ko but zai ɗauki buhun shinkafa da jakar kowa. Ka kuma tuna layinku da damina: motar da cikinta ke goge ƙasa kullum tana kan hanyar fasa tukunyar mai.

Sai ruɗin kalmar Beljiyam, wato motar da aka hau a ƙasar waje kafin a shigo da ita. Jama'a na ɗauka duk wadda ta sauko daga jirgin ruwa lafiyayya ce. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka a gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka sayo su, aka gyara a nan aka fesa fenti. Kowace mota na da lambar bodi mai haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Rubuta ta a intanet, sau da yawa hoton motar a filin gwanjo zai fito, da gabanta a murƙushe. Wadda ta sha ruwa ta fi mugunta, don wayoyinta a hankali suke ruɓewa. Ɗaga kafet ka shinshina, leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ka nemi tsatsa, ja bel har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin laka. Lambar tafiya ma ana mayar da ita baya, kuma ta Amurka mil take ƙirgawa, kowane mil kilomita 1.6 ne. Robar birki da ta suɗe da sitiyarin da ya yi santsi sun fi agogon faɗin gaskiya. Wadda aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, ban ba ka shawarar sa 'ya'yanka a ciki ba ko da kyauta ce. A leƙa ƙarƙashi kuma a tabbatar ba a sace "indomi" ɗin salansa ba, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, don ana cire shi a sayar daban.

Takardu mutane ke dubawa a ƙarshe, bayan zuciya ta riga ta kamu. Tun farkon 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, takardun kwastam na bogi suka yawaita a kan motocin da aka ratso da su daga Kwatano. A kai takardar duti, wato shaidar biyan harajin shigo da motar, ofishin kwastam a tantance kafin a biya. Lambar bodin da ke takarda ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi. Idan ta hannu ce, ka ga mai ita ido da ido, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka karɓi kwafin katin shaidarsa, ka tura kuɗin ta banki zuwa sunan da ke kan takardun, sannan ka yi canjin mallaka ba tare da ja ba. "Mai ita ya yi tafiya, amma ni ya wakilta" magana ce da ta kwanar da mutanen kirki a ofishin 'yan sanda.

Kada kuma ka juye duk abin da ka tara a kan farashin. Satin farko akwai juyen baƙin mai da filtoci, wataƙila batir, ga inshorar dole da ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ga tayoyi. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu: 2318 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Zanenta na iya zama da sauransa alhali robar ta bushe, kuma zafin kwaltar watan Afrilu ba ya yi wa irinta uzuri. Idan bakanike ya ce bari ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye "saboda zafin ƙasarmu", ka ce a'a, ya nemo abin da ke kawo zafin, a kuma zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya.

Waccan motar tawa, a ƙarshe na sayar da ita da asara, na faɗa wa mai sayen duk abin da ke damunta. Da na je ganin wadda muke hawa yanzu, ƙarfe bakwai na safe na isa, da bakanikena a bayan babur da tocila a aljihu. Mai gadin wurin ma bai gama shan kokonsa ba.