Kurakuran da ake yi wajen sayen ƙaramar mota mai zafi, 'yar waje ce ko haɗin gida

Bara ɗan yayata ya ce in raka shi duba mota. Ya yi shekara biyu yana tara kuɗi, kuma ya riga ya yanke shawara: ƙarama yake so, mai zafi, wadda in ya taka za ta amsa. Muna isa dillali ya nuna mana wata jar Corolla da harafin S a bayanta, ya ce, "Alhaji, wannan ai ta tsere ce." Yaron ya fara shafa fuffuken da ke kan but ɗin, idonsa ya rufe. Na ce a buɗe mana bonet. Injin da ke ciki shi ne dai wanda ke cikin kowace Corolla ta wannan zubi.

A nan mafi yawan matasa ke fara tuntuɓe. Corolla S ta 2003 zuwa 2008 ado ne kawai aka ƙara mata: siket, fuffuke, fitilun hazo da sitiyari mai fata. Injinta mai lita 1.8 ne, ƙarfin doki kusan 130, daidai da sauran nau'o'in Corolla, wato LE da CE. Wadda Toyota ta ƙara wa ƙarfi da gaske ita ce XRS ta 2005 da 2006, mai ƙarfin doki wajen 170 da giya shida ta hannu, kuma ba ta da yawa a kasuwa. Haka abin yake ga Honda. Civic Si ta 2006 zuwa 2011 tana da inji mai lita 2, ƙarfin doki 197, kuma da giyar hannu kaɗai aka yi ta. Duk wanda ya nuna maka Civic otomatik da tambarin Si, manna shi aka yi. Ford Focus ST da aka sayar a Amurka daga 2013 zuwa 2018 ita ma manuwal ce zalla. Kada ka biya kuɗin tambari sai ka ga lambar inji, ka haɗa ta da lambar shasi. Corolla S mota ce mai kyau da juriya, amma ka saye ta a farashin Corolla.

Kuskure na biyu daga intanet ake kwaso shi. A Amurka an daɗe ana musu tsakanin masu son motocin gida, irin su Ford Focus ST, Chevrolet Cobalt SS da Dodge Neon SRT-4, da masu son na waje, irin su Civic Si, Golf GTI da Mazdaspeed3. Matashinmu zai kalli bidiyo a YouTube ya ji Ba'amurke yana cewa kayan gyaran Ford sun fi araha kuma suna ko'ina, sai ya ɗauka hakan ya shafe shi. Gaskiya mutumin ya faɗa, amma gaskiyar garinsu ce. A wurinmu dukkansu baƙi ne, cikin jirgin ruwa suka zo. Abin tambaya shi ne wacce za ka samu kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ba sai an aika Ladipo a Legas ka yi mako kana jira ba. Ta wannan fuska Toyota da Honda sun yi wa sauran nisa, kuma Cobalt ko Neon na iya kwana wata guda a gareji saboda abu ɗaya ƙarami.

Ko kalmar "'yar Japan" da "'yar Jamus" da muke yi wa motoci sau da yawa ba haka take ba. Lambar shasi tana da harufa da lambobi 17, kuma na farkon yana gaya maka inda aka haɗa motar. J Japan ce, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, K Koriya ta Kudu. Civic Si ɗin da na ambata a Kanada aka haɗa ta. Corolla da yawa da ke yawo a titunanmu daga Kalifoniya ko Kanada suka fito. Wannan ba aibu ba ne, amma wanda ya ƙara maka kuɗi da sunan "Japan kai tsaye" ya kamata lambar ta gaskata shi.

Sai batun haɗin gida, inda nake ganin ɓangarori biyu duk suna wuce gona da iri. Akwai masu raina duk abin da aka haɗa a Najeriya, sun manta cewa tun a 1975 kamfanin Peugeot ya fara fitar da motoci daga Kakuri a Kaduna, kuma 504 da ta fito daga can ta yi shekaru tana cin hanyoyin da ke karya wasu motocin. Yau ma Dangote Peugeot yana haɗa 301 a Kaduna tun 2022, Innoson kuma yana aiki a Nnewi ta jihar Anambra. Sabuwar mota mai garanti, wadda ba wanda ya taɓa hawanta, ba abin rainawa ba ce. Akwai kuma masu kishin da ke cewa in dai ta gida ce to ta fi komai. Su ma ya kamata su sani cewa masana'antunmu sun fi karkata ga motocin iyali, a-kori-kura da bas. 301 motar iyali ce mai lita 1.6 da ƙarfin doki kusan 115, ba don zafi aka yi ta ba. Kuma yawancin sassanta daga waje ake kawo su, don haka in dala ta tashi ita ma tana ji a jikinta. Ni dai, in mutum yana da kuɗin sabuwa kuma kwanciyar hankali yake nema, haɗin gida zan nuna masa. In zafi yake nema da kuɗi kaɗan, to tsohuwar 'yar waje ce zai saya, kuma dole ya yarda da ɗawainiyar da ke tattare da ita.

Wannan ɗawainiya ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi cin aljihu. A ɗauki Golf GTI zubi na biyar, mai turbo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi), lita 2, ƙarfin doki kusan 200. Mota ce mai daɗin tuƙi ƙwarai, ba na musun haka. Amma ita da Civic Si da Focus ST duk an tsara su ne su ba da cikakken ƙarfinsu da fetur mai daraja ta sama, mu kuwa yawancin gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa. Kwamfutar motar tana jin inji ya fara ƙwanƙwasa sai ta rage masa kuzari don ta kare shi, musamman a zafin Afrilu. Ma'ana, ƙarfin da ka gani a takarda ba lallai ka same shi duka a hanyar Zariya ba. Sannan baƙin mai: turbo ba ya jure mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa kowace mota. Wanda littafinta ya ce shi za ka zuba, kuma kada ka ja lokacin juye. In giyarta DSG ce, wato otomatik irin ta Volkswagen, tana da nata man na musamman da ake canzawa duk bayan kilomita 60,000. Injin farkon wannan zubi da bel ɗin taimin yake aiki, in ya tsinke ya tafi da bawul. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe kamar hular kwalba a ƙarƙashin famfon fetur na jikin inji da ke cinyewa a hankali. Dubawa ba wuya, amma in aka bar shi ya huje, gyaran ya zama babba.

Shi ya sa nake cewa ka nemi bakanike kafin ka nemi mota. Mutane na cewa ai Golf ta cika gari, kowa ya iya ta. Golf 3 da ake lodin fasinja da ita daban, GTI mai turbo daban. Ka tambayi bakaniken ko yana da na'urar duba mota. In ya ce maganin zafin inji shi ne a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a zuba ruwan famfo a lagireto, ka gode masa ka ƙara gaba. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan mai fiye da kima kuma yana saurin cinyewa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ana jin ta.

Hanya ma ta shiga lissafi. Waɗannan motoci a ƙasa suke, ƙafarsu kuma da tauri. Tayar Corolla ta yau da kullum, 195/65 R15, tana da gefe mai tsawon milimita kusan 127. Taya 225/40 R18 da samari ke so milimita 90 ce kawai. Wannan bambanci shi ne tsakanin ka faɗa rami ka wuce, da ka faɗa rim ya lanƙwashe taya ta yi ƙulu. In layinku ba kwalta, ko tudun rage gudu ya yi yawa, ka tsaya a rim 16 ko 17 in motar ta yarda, kuma kada ka bari a yanke mata sifirin don ta ƙara kwanciya.

Abu na ƙarshe shi ne yarda da cewa duk 'yar Beljiyam lafiyayyiya ce. Da yawa daga kasuwar gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayo su a Amurka, kuma mota mai zafi da wuya ta faɗa hannun mai lallaɓawa. Ka biya kuɗi kaɗan a binciko maka tarihinta da lambar shasi. Ka tuna agogon 'yar Amurka da mil yake ƙirga, mil 100,000 kilomita kusan 160,000 ne. Ka tabbatar takardun kwastan na gaske ne, domin a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kuma 'yar Kwatano marar takarda ana iya ƙwace ta a shinge ɗaya. A ranar da muka je da ɗan yayata, mota ta uku da muka duba fes take a waje, sai ƙamshin turare. Na durƙusa na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, na ga busasshen taɓo a lungu da tsatsa a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kai. Na kira shi ya sa yatsa ya taɓa da kansa. Dillalin ya ce, "Alhaji, a rage muku wani abu mana." Muka yi masa sallama.

Bayan mako uku ya sayi Civic mai lita 1.8 da giyar hannu, ya ware abin da ya rage ya sa mata sababbin tayoyi huɗu da birki.