Idan burauza tana jefa ku shafin “sabunta Chrome”

'Yan'uwa, kada ku danna saƙon nan. Chrome tana sabunta kanta ne daga cikin saitunanta, a wayar Android kuma ta Play Store. Fayil ɗin da shafin ke miƙo muku yakan saci kalmomin sirri.

A kwamfuta, ku rubuta chrome://extensions a wurin adireshin Chrome, inda ƙananan manhajojin da aka ƙara wa burauzar suke, ku cire duk abin da ba ku sa da hannunku ba. Sai chrome://settings/content/notifications, ku goge baƙin shafukan da aka ba izinin turo sanarwa. Matsalar takan ɓuya a nan. Daga nan chrome://settings/reset, ku mayar da saitunan yadda suke na asali, sannan cikakken binciken kwamfutar da Microsoft Defender ko Malwarebytes, manhajojin da ke gano mugayen fayiloli.

Wanda ya riga ya buɗe fayil ɗin, ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'urar, ya fara da imel.